Tarihin Addu'ar Safe A Makaranta, Daga Wusasa Zuwa Gumel

Ku 'yan makaranta, kowace safiya in an buga ƙararrawa kukan jeru a fili, a duba farce da tufafi, sa'an nan a yi addu'a kafin a shiga aji. Wanda ke makarantar Mishan da irin tasa, wanda ke ta Gwamnati da irin tasa. Yawancinku kun ɗauka haka abin ya taso tun fil'azal. To, ba haka ba ne. A kan 'yan mintocin nan na safe an yi doguwar jayayya tsakanin sarakuna da Gwamna da Turawan Mishan, jayayyar da ta hana yara da yawa karatun boko.

A shekarar 1900 waɗansu Turawa biyar na Mishan ɗin C.M.S. suka taso daga Ikko, shugabansu Bishop Tugwell, a cikinsu da wani saurayin likita, Walter Miller. Suka bi ta Zariya har Kano. Sarkin Kano Alu ya ƙi su sarai, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka yi zango a Girku, ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. Bayan shekara uku, cikin 1903, Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato, ya tsaya gaban manyan Sakkwato ya yi alkawari Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba. Wannan alkawari shi ne tushen labarinmu duka. Razdan-Razdan suka fassara shi da cewa ba a kafa Mishan a ƙasar sarki Musulmi sai da yardarsa, sarakuna kuwa ba su yarda ba.

Likita Mila dai ya sami shiga. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya so ƙwarai a ba shi 'ya'yan sarakuna ya koya musu boko, har Gwamna ya fara sauraronsa, amma shirin ya rushe, dalili kuwa ɗaya ne. A wurin Mila karatu da wa'azi ba su rabuwa, kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da safe a taru a yi waƙar yabo, a karanta wani yanki na Linjila, a yi addu'a, sa'an nan a ɗauki alli. Uba Musulmi kuwa, ko yana son ɗansa ya iya lissafi, ba ya sayar da addininsa don lissafi. Mu dai ba mu ga laifin iyayen nan ba. Shi ma Mila ba mu ce ya yi ha'inci ba, gama bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba.

To, ina ya sami almajirai? A nan ne labarin ya yi daɗi. Tun kafin zuwan Turawa an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan Annabi Isa cikin Alƙur'ani, ya tara mabiya, har aka kashe shi a kasuwa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, waɗansu suka nufi wajen Ningi. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Mila, suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu gari a Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci ya auka wa garin ya kusan share shi. 'Ya'yan da suka tsira, marayu da yawa, su ne suka cika makarantar Zariya. A 1929 aka fitar da Mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, makarantar kuma ta ɗauki sunanta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Mila ya sha wahalarsa shekara da shekaru, saboda haka yaron Wusasa da harshen uwarsa yake jin karatun safe. Ku duba irin mutanen da wannan 'yar makaranta ta fitar: Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, da Yakubu Gowon, wanda ya riƙe Nijeriya tun daga shekarar nan har 1975.

Gwamnati kuwa ta bi wata hanya dabam. A 1909 ta sa Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Abin mamaki, shi kansa da aikin Mishan ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin Gwamna. Amma a makarantarsa ba wa'azi. Malamai Musulmi ke koyar da addini da Larabci, in lokacin salla ya yi a tashi a yi. Daga wannan reshe Kwalejin Katsina ta tsiro a 1921, da elementare na En'e, da Midil na kowane lardi.

Yanzu mu komo gida. Gumel ba ta cikin ƙasashen da suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu. Sarautar Mangawa ce, Barno take bi. Duk da haka, da Sarki Ahmadu ya bi Turawa a 1903, alkawarin Sakkwato ya rufe ta kamar sauran, gama ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa. Saboda haka yaron Gumel, ko na Sule Tankarkar, da allo ya fara, in an ɗauke shi boko ta En'e zai shiga, in ya yi ƙoƙari a tura shi Midil ta Kano. Kirista da aka fara sabawa da su a wannan yanki baƙi ne, akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sayen gyaɗa, waɗanda suka biyo hanyar jirgi da aka ja daga Kano ta Gagarawa har ta kai Nguru a 1930. In kuwa mutum ya ƙetare iyaka daga Maigatari ya shiga ƙasar Damagaram, sai ya tarar da hanya ta uku. Faransa ta raba addini da mulki tun 1905, makarantar Gwamnatinta ba limami ba fada, ba a buɗe ta da addu'ar kowa.

Bayan 1930 aka ɗan sassauta. Sarakuna suka ga kuturta ta yi yawa, Mishan kuwa na da likitoci, sai aka ba S.I.M. riƙon zangon kutare, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, makarantu suka biyo bayan magani. Amma da sharaɗi: ba wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, ba a kuma koya wa ƙaramin yaro addinin da ba na ubansa ba sai uban ya yarda.

Kada ku zaci mu kaɗai muka sha wannan gardama. A Ingila ma ɗariku sun daɗe suna ja-in-ja a kan wace addu'a za a yi wa yara. Dokar iliminsu ta 1944 ta ce kowace makaranta da hukuma ke riƙe da ita ta fara yini da sujada ta taro, amma ta bar wa uba ikon ya ce a cire ɗansa. Rabin nan na biyu shi ya iso mu. Hukumar Willink, wadda ta zaga ƙasar nan a 1957 da 1958 tana sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a rubuta haƙƙin kowa cikin doka, aka kuwa sa shi a tsarin mulkin 1960. Bayan yaƙin basasa jihohi suka karɓe makarantun Mishan da yawa, a 1976 kuma aka buɗe firamare kyauta ga kowa, ɗan limami da ɗan fasto suka haɗu a benci guda.

Tsarin mulki na 1999, sashi na 38, ya maimaita maganar. Ya ce ba a tilasta wa ɗan makaranta ya koyi wani addini, ko ya tsaya wurin ibadarsa, in ba nasa ba ne ko iyayensa ba su amince ba. Ya kuma ce ba a hana wata jama'ar addini koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da take riƙe da ita da kuɗinta. Wannan sashi ɗaya ke bisa makarantar coci a Wusasa da firamaren Gwamnati a Maigatari.