Daga Bidiyo Biyu zuwa Difloma: Yadda Aka Koyi Haɗa Fim a Kano

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, babu makarantar da za ka nufa a Kano ka ce a koya maka haɗa fim. Waɗanda suka san kan kyamara 'yan tsiraru ne, akasarinsu ma'aikatan talabijin: ko NTA Kano, ko CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV. Daga hannunsu sana'ar ta fito gari, ta faɗa wa masu ɗaukar biki da suna, sannan ta gangaro mana, mu yaran shago.

A unguwarmu ta Ƙofar Na'isa na fara, a shagon wani mai ɗaukar biki. Kayan aikin duka bidiyo biyu ne da talabijin guda. Ɗaya na juya kaset ɗin da aka ɗauko, ɗaya na naɗa, kai kuma yatsanka na kan maɓallin tsayarwa. Ka makara da ƙiftawar ido, kan amarya ya gutsure. Ka yi gaggawa, hoto ya yi tsalle. Gyara a tsakiya kuwa babu shi, sai dai a koma baya a sake. Kuma duk kwafin da aka ciro daga wani kwafin sai launinsa ya ƙara dusashewa, shi ya sa maigida yake ɓoye kaset na asali a cikin akwati, ba ya bari yaro ya taɓa. Sai ka gaji da ɗaukar jaka da jan wayar fitila kafin a ce maka, "Zo ka riƙe nan."

Kiɗa ne ya fara sauya lissafi. Fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan naɗar murya irin na Iyan-Tama Multimedia, mutum ɗaya ya zama makaɗa goma. Da Sangaya ya fito a 1999 kasuwa ta buɗe, a shekarar ce kuma mujallar Fim ta soma fita, sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Ba a jima ba kwamfuta ta iso, titin Zoo ya cika da situdiyo. Adobe Premiere muka koya ta leƙen kafaɗar wanda ya riga mu, ba da littafi ba. A bar na'ura tana dafa aiki tun bayan isha'i, gab da asuba NEPA ta ɗauke wuta, da safe furodusa ya zo yana cewa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai na jira.

Makaranta daga baya ta biyo sawu. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa tana Jos tun 1995, amma yaron da ke ciyar da gida da kuɗin ɗaukar biki ina zai bar shago ya tafi Filato? A 2007 hukumar NBTE da ke Kaduna ta shigo da tsarin difloma ta koyon sana'a, har da darasin fasahar haɗa hoto, sauti da zane a kwamfuta. Gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta buɗe makarantar fim a Tiga. Ga kwalejin Poli ta Kano, ga sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero, wadda titin da ya ratsa gaban ƙofarmu yake kai mutum tsohuwar harabarta. Ƙauyen fim da aka shirya ginawa a Kofa a 2016 kuwa, tun a takarda ya mutu saboda adawar malamai.

Tsofaffin hannu suna yawan yi wa masu kwali dariya, wai sun san sunan kowane maɓalli amma hannunsu na rawa a lokeshan. Akwai gaskiya a ciki, musamman inda ɗalibai ke layi a kan kyamara guda. Sai dai ni na ga abin da aji ya kawo wanda shago bai ba mu ba: kula da sauti da haske. Mu mun tashi muna ganin in hoto ya fito, shi ke nan. Murya ko da kukan janareto a bayanta a haka za ta tafi kasuwa. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014 da ƙa'idojinta, sannan kallo ya koma YouTube da shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So, mai sauraro da abin kunne ya daina yafe mana wannan. Yanzu yaran da suke zuwa mini neman sanin makamar aiki, wayarsu cike da CapCut, sun iya yanka tun daga gida. Makirfo nake fara miƙa musu, in tura su tsakar gida su naɗo mini hirar minti biyu wadda ba a jin fanka a cikinta.