Wa Ake Fara Biya Idan An Sayar da Kamfani?

A shekarar 2005 aka sayar da Trados, kamfanin manhajar fassara, ga kamfanin SDL a kan dala miliyan 60. Masu zuba jari suka karɓi miliyan 52.2, shugabannin kamfanin suka raba miliyan 7.8, masu hannun jari na gama-gari kuwa ko sisi ba su gani ba. Da ƙara ta kai kotun Delaware a Amurka, alƙali Travis Laster ya soki yadda daraktoci suka tafiyar da cinikin, amma a 2013 ya yanke cewa ba a tauye kowa ba, domin hannun jarin gama-garin bai da daraja tun kafin a sayar. Tushen rabon shi ne sharaɗin fifiko: wanda ya zuba kuɗi zai ɗauki nasa kafin a waiwayi kowa.

Sharaɗin ya girmi kamfanonin fasaha nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19, kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila da Amurka kan ƙarar da kuɗinsu layin dogo bai kai ko'ina ba, sababbin masu kuɗi kuma su ce ba za su saka ba sai an sa su a gaba wajen biya. Daga nan hannun jari mai fifiko ya bazu, har masu zuba jari a sababbin kamfanoni suka gaje shi. Binciken masana Kaplan da Strömberg na 2003 ya same shi a mafi yawan yarjejeniyoyin da suka duba. A ainihinsa adalci ne. A ce mutum ya ba da miliyan 10 don kashi 20 cikin ɗari, washegari mai kamfani ya sayar da komai a kan miliyan 10. In babu fifiko, mai kuɗin zai tashi da miliyan 2, wancan ya tafi da 8 daga dukiyar da ba tasa ba.

Lamarin ya lalace ne bayan kasuwar kamfanonin intanet ta karye a 2000. Kuɗi ya yi wuya, masu shi suka fara neman ninki biyu ko uku na uwar kuɗinsu, wasu su karɓi fifikon sannan su sake shiga rabon ragowar. Jerin biya ma ya juya: bayan masu bin bashi, wanda ya shigo ƙarshe shi ne na farko, na da su bi layi, ma'aikata a can wutsiya. Masu kare tsarin suna cewa ciniki ne da yardar kowa, kuma wanda ya saka kuɗi a kamfanin da ke tangal-tangal ya cancanci kariya. Wannan gaskiya ne tsakanin mai kamfani da mai jari, domin kowannensu na da lauya. Sai dai ma'aikacin da aka rage wa albashi aka cike masa da hannun jari ba ya wurin, kuma ba kasafai ake nuna masa adadin da ke gabansa a layi ba. Shi dai yana jin an ce darajar kamfani ta kai kaza, alhali ƙimar da aka faɗa ta hannun jari mai fifiko ce. Misali, kamfanin Good Technology an taɓa ƙiyasta shi sama da dala biliyan 1. Da BlackBerry ta saye shi a 2015 a kan miliyan 425, kowane hannun jari mai fifiko ya sami fiye da dala 3, na ma'aikata kuwa senti 44, wasunsu kuma sun riga sun biya haraji a kan tsohuwar ƙimar.