Noman Rani da Ciyawar Kachalla a Kwarin Haɗeja

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura a Jihar Kano, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa. Amfaninsu a fili yake. Illar kuwa sai can gaba ta bayyana, a fadamun Haɗeja da Nguru.

A da, kogin Haɗeja kan cika ya malale da damina, sannan ya ƙafe da rani. Da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kachalla, wadda ƙafewar kogi ke hana ta yaɗuwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ya kwanta a gonakin jama'a, yayin da wanda ke isa Gashuwa ya ragu. Masunta sun rasa wuraren kamun kifi, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu mafaka a cikinta, daga nan suke afka wa hatsi.

Kwantaccen ruwan nan matattara ce ta sauro da ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar kan shiga ta fatar mai wanka ko mai aikin ban-ruwa, alamarta kuma fitsarin jini ne, musamman ga yara. Maganin praziquantel na kashe ta, amma wanda ya koma ruwan yakan sake kamuwa.