Daga Hanjin Kare Zuwa Kantunan Magani na Abuja

A farkon ƙarni na 20 masana sun ɗauka jijiyoyi kaɗai ke sarrafa narkewar abinci, bisa koyarwar Ivan Pavlov na Rasha. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gwada abin a Landan. Suka yanke jijiyoyin wani sashe na hanjin kare, suka zuba masa asid, sai ga pankiriyas na fitar da ruwansa kamar kullum. Ashe hanjin ne ke sakin wani sinadari cikin jini, wanda suka kira secretin.

Daga nan bincike ya buɗe. A 1999 masana a Japan suka gano ghrelin, sinadarin da ciki ke saki idan ya wofinta, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Kafin wannan, a shekarun 1980, Svetlana Mojsov da Joel Habener da Jens Holst sun fito da aikin GLP-1, wani sinadarin hanji: bayan an ci abinci yakan sa a saki insulin, ya rage saurin fitar abinci daga ciki, ya kawo ƙoshi. Matsalarsa ita ce yakan lalace cikin 'yan mintuna. Mafita ta zo daga dafin wani ƙadangaren Amurka, inda John Eng ya samo makamancinsa mai daɗewa a jiki. Shi ya zama maganin exenatide a 2005, sannan Ozempic ya biyo baya a 2017.

Yau allurar Ozempic ta iso Abuja. Mai ciwon suga da ke ganin likita a Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada zai iya jin labarinta, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kuma tana buƙatar firji a garin da wuta ba ta zama. Masu son rage ƙiba kuma na saye ba tare da likita ba, har NAFDAC ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic.

A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin waɗannan magunguna cikin jerin muhimman magunguna. Abin da ya rage wa hukumomin lafiya da ke Abuja shi ne su sa inshorar lafiya ta ɗauki nauyinsu, su tsare kasuwa daga jabu, domin mai ciwon suga a Kubwa ko Nyanya ya samu na gaskiya a hannun likita.