Tafiya a jirgin sama da yada zango: abin da ya kamata matafiyi ya sani kan tikiti, kaya da sauya jirgi

Tsakanin Yamai da Njamena, ko Garwa da Akkara, ko Kano da Duwala, nisan ba shi da yawa a taswira. Amma wanda zai bi ta sama sau da yawa sai ya ratsa ta wata ƙasa ta uku kafin ya isa. Tun bayan durƙushewar kamfanin Air Afrique a shekarar 2002, jiragen da ke haɗa biranen yankin kai tsaye suka yi ƙaranci, aka koma dogaro da wasu manyan tashoshi da ake sauya jirgi a cikinsu. Akwai Lome, cibiyar kamfanin ASKY da ya fara jigila a 2010, da Abidjan ta Air Côte d'Ivoire, da Addis Ababa ta Ethiopian Airlines, da Kasablanka ta Royal Air Maroc, da Alƙahira ta EgyptAir, da kuma Istanbul ta Turkish Airlines. A waɗannan wurare ne yawancin matsaloli ke aukuwa: jirgi ya bar mutum, jaka ta maƙale, ko a hana shi wucewa saboda takarda.

Tikiti ɗaya ko tikiti biyu

Tambaya ta farko da matafiyi zai yi wa mai sayar masa da tikiti ita ce: shin tafiyar nan duka a kan tikiti ɗaya take? Ana gane haka ne da lambar ajiyar wuri mai haruffa da alkaluma 6, da kuma lambar tikiti mai alkaluma 13. Idan lamba ɗaya ce ta ɗauki tafiyar daga farko har ƙarshe, to kamfanin jirgi ya yi alkawarin kai mutum da kayansa inda za shi. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, nauyin kamfanin ne ya sa shi a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma manyan kamfanoni kan ba da abinci ko masauki idan jiran ya kai kwana.

Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban aka haɗa don neman sauƙin kuɗi, labari ya sha bamban. Kamfani na biyu ba ruwansa da makarar na farko. Wanda bai zo a kan lokaci ba ana ɗaukarsa kamar ya fasa tafiya, sai ya biya tara ko ya sayi sabon tikiti. Ban da haka, yawanci dole ya bi ta wurin jami'an shige da fice, ya karɓi kayansa, ya sake kai su awo, abin da ke nufin yana buƙatar izinin shiga ƙasar da ya yada zango. Araha irin wannan takan koma tsada. Wanda ba shi da mafita sai tikiti biyu, ya bar tazarar sa'o'i masu yawa tsakaninsu, ko ma kwana guda.

Akwai wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba. Idan mutum ya tsallake wani sashe na tafiyarsa, misali ya bi mota zuwa birni na biyu don ya hau jirgi daga can, kamfani kan soke duk sauran tafiyar, har da ta dawowa.

Suna da takardu

Sunan da ke kan tikiti dole ya zo daidai da wanda ke cikin fasfo, harafi da harafi. Wannan ya fi shafar Hausawa mazauna ƙasashe daban-daban, domin suna ɗaya ana rubuta shi iri biyu. Ɗan'uwa a Kumasi zai iya sayen tikiti da sunan Usman Abubakar, alhali fasfon Kamaru ko Chadi na ɗauke da Ousmane Aboubakar. Gyaran suna bayan an fitar da tikiti yana cin kuɗi, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tura hoton shafin farko na fasfo ga duk wanda zai sayi tikitin.

Ƙasashe da yawa suna buƙatar fasfon da ke da sauran aƙalla watanni 6 kafin ya ƙare. Haka kuma ana neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira katin ɗorawa saboda launinsa, a mafi yawan filayen jiragen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Allurar tana fara aiki a hukumance kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Masu zuwa Hajji da Umara kuma ana neman su da shaidar rigakafin sanƙarau.

Biza ta ratse

A tashoshi irin su Lome da Addis Ababa da Istanbul, wanda ke da tikiti ɗaya kuma bai fita daga ɓangaren masu wucewa ba, a galibi ba ya buƙatar biza. Turai ba haka take ba. 'Yan Najeriya da 'yan Ghana suna cikin jerin waɗanda dole su mallaki bizar ratse ta filin jirgi kafin su sauya jirgi a kowace ƙasa ta yankin Schengen, ko da ba za su fita waje ba. Faransa ta ƙara wasu ƙasashe a nata jerin, ciki har da Kamaru da Chadi da Sudan. Ana ɗauke wa mutum wannan sharaɗi idan yana da wasu takardu, kamar izinin zama a Turai ko biza mai aiki ta Amurka ko Kanada. Ma'aikatan kamfanin jirgi ne ke duba wannan tun a tashar farko, kuma suna hana wanda ba shi da ita hawa.

A tuna kuma cewa ƙasashen yankin ba a ƙungiya ɗaya suke ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS, wato CEDEAO, ta shekarar 1979 ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga junansu ba biza har kwana 90. Kamaru da Chadi ba sa cikinta, suna cikin ƙungiyar CEMAC ne. Don haka ɗan Garwa da zai kwana a Lome ko Akkara ya bincika sharaɗin shiga tun kafin ya tashi.

Lokaci a kan tikiti

Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Ghana da Togo da Côte d'Ivoire suna bin agogon GMT. Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi suna gaba da sa'a 1, Sudan da sa'a 2, Habasha da Saudiyya da Turkiyya kuma da sa'a 3. Wanda ya sauka Addis Ababa daga Yamai bai gyara agogonsa ba, zai ɗauka yana da sauran sa'o'i 2 da ba shi da su.

Kuskure na biyu shi ne na jiragen tsakar dare. Jirgin da aka rubuta zai tashi 01:30 ranar Talata, da daren Litinin ake zuwa filin jirgi dominsa. Wanda ya jira daren Talata zai tarar jirgin ya tafi tun jiya.

Ga tafiyar ƙasa da ƙasa ana son mutum ya isa sa'o'i 3 kafin tashi. Ana rufe awon kaya kimanin sa'a 1 kafin lokaci, ƙofar shiga jirgi kuma kimanin minti 15 zuwa 20.

Nauyin kaya

A yawancin kamfanonin da ke zirga-zirga a yankin, ana lissafin kaya ne da adadin jakunkuna, kowace kilo 23 ga mai ƙaramin tikiti. Wani tikitin jaka 2 ne, wani 1, wani kuma babu ko ɗaya, kuma ana rubuta wannan a jikin tikitin: 2PC na nufin jaka 2. Ba a haɗa nauyin wuri guda. Jaka ɗaya mai kilo 30 da wata mai kilo 16 ba su zama daidai da biyu masu 23 ba, za a caji mai 30 kuɗin ƙari. Jakar da ta wuce kilo 32 kuwa ba a karɓarta sai an rage, saboda lafiyar masu ɗauka. Jakar hannu takan tsaya tsakanin kilo 7 da 8.

'Yan kasuwa masu sayayya a Dubai ko Istanbul ko Guangzhou su lura cewa biyan kuɗin ƙarin jaka tun kafin ranar tafiya ya fi sauƙi a kan biya a wurin awo. Kayan da suka yi yawa kuma gara a tura su ta jigilar kaya.

Abin da ke shiga hannu da abin da ke shiga ƙasan jirgi

Kuɗi, zinari, fasfo, waya, kwamfuta, magungunan da ake sha kullum da kayan sawa na kwana ɗaya, duk a jakar hannu suke zama. Batirin cajin waya da ake kira fawa bank da duk wani batirin lithium da ba ya cikin na'ura an hana sa su cikin jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, saboda suna iya kama wuta. Ruwa, turare, man shafawa da zuma ba sa wuce mililita 100 kowace kwalba a jakar hannu. Wuƙa, almakashi da reza sai cikin babbar jaka. A tashar sauya jirgi ana sake binciken jakar hannu, don haka kwalbar da ta wuce a tashar farko ana iya ƙwace ta a ta biyu.

Tsaraba ma tana da doka. Tarayyar Turai ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga waje, wanda ya haɗa da kilishi, dambun nama da man shanu. Hukumomin alhazai sukan gargaɗi maniyyata kada su ɗauki goro zuwa Saudiyya. Ruwan Zamzam kuma ana ɗaukarsa ne a jarka mai lita 5 da aka rufe a hukumance. Wanda zai shiga Turai da kuɗin hannu da suka kai Yuro 10,000 dole ya bayyana su ga jami'an kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar.

Takardar kaya

Bayan awo ana liƙa wa kowace jaka doguwar takarda, a ba mai ita ɗan guntun da ke ɗauke da lamba. A jikinta akwai haruffa 3 na tashar da jakar za ta sauka: NIM Yamai, NDJ Njamena, DLA Duwala, NSI Yawunde, GOU Garwa, ACC Akkara, KAN Kano, ABV Abuja, JED Jidda, MED Madina. Matafiyi ya duba da idonsa. Idan za shi Jidda amma ya ga ADD kaɗai, jakarsa a Addis Ababa za ta tsaya.

Ko da tikiti ɗaya ne, akwai inda dole a karɓi kaya a tsakiyar hanya. A Amurka ana karɓar su a tashar farko da aka sauka. Haka kuma wanda ya shigo wata ƙasa zai ci gaba da jirgin cikin gida, yawanci sai ya bi ta kwastan da kayansa tukuna. A Legas ma ginin jiragen waje da na cikin gida ba wuri ɗaya suke ba, sai an shiga mota.

Ya kuma ƙirga guntayen takardun da aka ba shi, su zo daidai da adadin jakunkunansa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda jaka mai ɗauke da Tramadol da aka yi wa rajista da sunanta ba da saninta ba. Sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta na iya kaiwa ga kisa. Saboda haka duk wanda ya roƙe ka ka riƙe masa saƙo a filin jirgi, ko da ya haɗa ka da Allah, amsar ita ce a yi haƙuri. Saƙon dangi ma a buɗe shi a gida a ga abin da ke ciki.

A tashar sauya jirgi

Da an sauka, a bi allunan da aka rubuta Transit ko Transfer ko Correspondances, ba waɗanda ke nuna hanyar fita ba. A nemi lambar jirgi a allon talabijin, domin ƙofar shiga takan canja. A fara gano ƙofar tukuna, sannan a nemi masallaci ko abinci. Tazarar sa'o'i 2 zuwa 3 ta fi kwanciyar hankali, musamman a manyan tashoshi kamar Istanbul inda tafiya zuwa ƙofa kaɗai takan ci minti 20 ko fiye. Tsofaffi da marasa lafiya suna da damar neman keken guragu kyauta, a faɗa tun lokacin sayen tikiti, aƙalla sa'o'i 48 kafin tashi.

Idan jaka ba ta iso ba

Kada a bar zauren karɓar kaya. A je ofishin ɓatattun kaya da guntun takardar nan da fasfo, a cika takardar rahoto da ake kira PIR, a karɓi lambar bibiya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin ƙasashen yankin suka shiga, ta tsara wa'adi: kwana 7 don rubuta ƙorafi kan jakar da ta lalace, kwana 21 daga ranar da aka karɓi jakar da ta makara. Jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta ta ɓata, mai ita na iya neman diyya. Daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar diyyar ta kai 1,519 na kuɗin lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dalar Amurka 2,000 ga kowane fasinja, ba ga kowace jaka ba. Wannan iyaka ce, ba adadin da ake ba kowa ba, domin kamfani zai nemi shaidar abin da ke ciki. Shi ya sa yana da kyau a ɗauki hoton jaka a buɗe da kuma a rufe kafin barin gida, a rubuta suna da lambar waya ciki da waje, a kuma adana rasiɗan sayayya tare da tikiti har sai an kammala tafiya.