Yadda Doka Ta Koya Wa Injin Tsere Ƙarko

Ranar Lahadin da ta wuce, a hanyar Tibiri, na ga samari ƴan rakiyar amarya suna murza babura har hayaƙi na tashi. Biyu daga cikinsu ɗalibaina ne. Da na yi musu magana ranar Litinin, ɗaya ya ce: "Mushe, ai haka Turawa ke yi a Formula 1." Yaron ya ga gudun a wayar salula, amma bai san tarihinsa ba. Shi ya sa na ce bari in kawo shi nan.

Formula 1 tseren motoci ne masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, wanda aka fara gasarsa ta duniya a 1950. Shekaru da dama babu dokar da ta ƙayyade yawan injin da direba zai ci. A shekarun 1980 abin ya kai ana ƙera inji don gudun neman layin gaba kawai. Na kamfanin BMW a 1986 ya haura ƙarfin doki 1,000, amma zagaye kaɗan yake yi a sauke shi a ɗora wani. Mai kuɗi ya ƙona inji ya sayi sabo, ƙaramar ƙungiya kuwa ta koma ƴar kallo.

Hukumar FIA, ƙarƙashin Max Mosley, ta ga kashe kuɗin zai kashe wasan kansa. A 2004 ta ce inji ɗaya zai yi wa direba ƙarshen mako guda, tun daga gwaji har tsere. Wanda ya canza, a mayar da shi baya da gurbi 10 a layin tashi. A 2005 aka ce sai ya yi tsere biyu. Nan wayo ya shigo: a tseren Ostireliya, ƙungiyar BAR-Honda ta janye motocinta biyu a zagayen ƙarshe, alhali lafiyarsu ƙalau, don dokar ta yarda wa wanda bai gama ba ya ɗora sabon inji. Nan da nan hukuma ta toshe wannan kafa.

Daga nan aka riƙa matsawa. A 2007 aka hana inji wuce juyi 19,000 a minti, a 2009 aka rage zuwa 18,000, aka kuma ba kowane direba inji 8 na shekara. Dalilin a fili yake: yawan juyi shi ke kawo zafi da gogayya, su kuma ke cinye fistin da ringi. Lokacin ne tattalin arzikin duniya ya girgiza, Honda ta fice a ƙarshen 2008, BMW da Toyota suka bi ta a 2009. A 2014 aka koma ƙaramin inji mai lita 1.6 da taimakon lantarki, aka ba direba 5. A 2018 suka koma 3, a shekara mai tsere 21.

Ga lissafin da za mu iya ba ƴan aji: tsere 21 a raba wa inji 3, kowanne 7. Tsere ɗaya kusan kilomita 305 ne, wato kilomita 2,135, ban da na gwaji. Ya fi tafiyar Maraɗi zuwa Yamai sau uku, kuma cikin gudun da kan haura kilomita 300 a awa.

Dokar ba ta rasa illa ba. A tseren Beljiyam na 2015, direbobin McLaren-Honda biyu, Alonso da Button, an ci su tarar gurbi 105, a layin da motoci 20 ne kacal. Jama'a suka yi ta dariya, wasu suka ce ana hukunta direba kan laifin maƙeri. Amma ta sauya ma'anar gwaninta. A Malesiya a 2016 Lewis Hamilton yana kan gaba injinsa ya kama wuta. A ƙarshen shekara Nico Rosberg ya ɗauke kambun da ratar maki 5.

To, mu dawo gida. Babur ɗin da yaro ke murzawa a biki, sau da yawa shi ne na kabu-kabun da ke kawo cefane, wani ma bashi ne ba a gama biya ba. Manomin Jiratawa ya san in injin ban ruwa ya buga a tsakiyar rani, albasa ba ta jiran makaniki. Hana yaro son mota da tsawa ba ya aiki, na gwada. Abin da ya yi mini aiki shi ne na ba ɗaliban nan lissafin da ke sama, na ce su je wajen mai gyara su tambayo kuɗin fistin da ringi, su kwatanta da kuɗin baƙin mai. Ranar Laraba suka dawo da amsa a rubuce, ɗaya har da tambayar ko yaushe ya kamata a riƙa juye mai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su a kan hanya.