Fuska da Lokaci: Masu Zane Uku Daga Makarantar Zariya

A Birnin Kudu, maƙwabciyar Buji, akwai duwatsu masu ɗauke da zane da ke cikin mafi daɗewa a ƙasar Hausa. Abin da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950, galibi shanu ne. Magina da suka zo bayan ƙarnoni sun ƙawata bangon fadoji da dagi da zayyana, su ma suka bar fuskar mutum. Kamannin sarki da halinsa a bakin maroƙa aka ajiye su, cikin kirari da take, malamai kuma sun daɗe suna tsantseni game da suranta abu mai rai.

Saboda haka zanen fuska da fentin mai baƙo ne a Arewa. A Legas ya fara kafuwa, a hannun Aina Onabolu (1882–1963), wanda burinsa shi ne hoto ya fito sak da mai shi. Amma a Arewa aka sauya masa alƙibla. A 1955 sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya tashi daga Ibadan ya koma Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a gauraya dabarun Turai da gadon gida. Daga nan kamanni kaɗai ya daina wadatarwa.

Fentin mai yana da wata ɗabi'a da ta dace da wannan sauyi. Ba ya bushewa nan take. Man da ke cikinsa yakan ɗauki kwanaki yana daskarewa, don haka mai zane na iya gogewa, ya gyara, ya ɗora launi bisa launi. Kafin ya gama, fuskar da ya fara da ita ta riga ta sauya. Dole ya yanke shawarar yadda zai yi da lokacin da ya shuɗe, kuma masu zane uku da suka fito daga Zariya kowa da hanyar da ya bi.

Yusuf Grillo (1934–2021) tsayar da lokaci ya yi. Matansa da makaɗansa dogaye ne, an yanka jikinsu kusurwa-kusurwa, an lulluɓe su da shuɗi mai kama da na rinin baba. Fuskokin a natse suke, idanu sau da yawa a sunkuye. Damuwa ko ƙauna a karkatar wuya da ajiyar kafaɗa ake gano su. An san shi da jinkirin aiki, zane ɗaya kan daɗe a gabansa, kuma wannan haƙuri ya bayyana a natsuwar mutanensa.

Kolade Oshinowo, wanda aka haifa a Ibadan a 1948 ya kuma kammala karatu a Zariya a 1972, tara lokaci yake yi. Fuskar mace ce jigon aikinsa, cikin launukan ƙasa masu ɗumi. A ayyukansa na baya-bayan nan yakan manna ƙyallayen atamfa a jikin zanen sannan ya bi su da fenti. Duk wanda ya san yadda mata ke tuna biki ko suna da zanen da aka ɗaura a ranar zai gane abin da ƙyallen ke ɗauke da shi.

Gani Odutokun (1946–1995), haifaffen Ghana da ya koyar a Zariya, sakin lokaci ya yi ya gudana. Yakan tsinka fentin ya zama ruwa-ruwa, ya zuba, ya bar shi ya kwarara, sannan ya nemo siffa a cikin abin da ya fito. A jerin zanensa na Sarki, wanda ya yi a zamanin mulkin soja, fuskar mai iko kamar tana narkewa, tsoro da girman kai a cakuɗe. Ya rasu a haɗarin mota a 1995, yana tsakiyar ƙarfinsa.

Grillo da Oshinowo duk a Kwalejin Fasaha ta Yaba suka yi aikin koyarwa, kasuwar irin wannan zane ma a Legas da Landan take. A Landan ɗin ne aka sayar da Tutu, zanen fuska na Ben Enwonwu, kan fam miliyan 1.2 a 2018. Arewa ta ba da makaranta, amma fuskokin da suka yi suna a wannan fanni akasari na Kudu ne. Dattijon Gantsa da tsohuwa mai awo a kasuwar Shuwarin a wayar jikoki hotonsu yake, waya kuwa takan ɓace ko ta lalace. Sashen zanen yana nan a Samaru, yana ɗaukar ɗalibai, har da 'yan Jigawa in sun nema.